Bakina Ya Riga Akwatinka Tafiya

Doka, Kaduna
Ranar Laraba

Ɗanlami,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka lafiya, jirgi bai jijjiga maka ƙashi ba, kuma Alhaji Bawa ya karɓe ka hannu bibbiyu kamar yadda ya yi mini alkawari. Allah ya tsare ka a baƙon gari, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin mai sharri. Innarka tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko dambun naman ya kai ka, ni kuwa na ce mata ta bari sai wata takardar, don abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ya fi dambu nauyi.

Ba zan yi maka kewaye-kewaye ba. Ranar da muke ɗaure akwatin littattafan da za ka kai kantin Alhaji Bawa, na ga lokacin da ka cusa wani ƙunshi a ƙarƙashin littattafan fiƙihu. Kai ka ɗauka na tafi neman igiya. Na gani, kuma na san ko mene ne. Takardun waƙoƙin jam'iyyar nan taku ne, na ajami, waɗanda a nan Kaduna muke ajiyewa a fili kusa da jarida, kowa ya saya ya wuce. Amma a can inda ka sauka, mutum kan kwana a gidan yari don kawai an ji yana rera baiti guda daga cikinsu. Ban ce maka komai ba a lokacin. Da ma haka na ci gaba da yin shirun.

Jiya da hantsi bencin ƙofar kanti ya cika, ana hirar zaɓen da ke tafe. Wani ya ce samarin yanzu sai cika baki, babu mai zuciyar da zai ɗauki takarda ya kai ƙasar sarakuna. Sai kawai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Nawa ɗan dai ba haka yake ba. Akwatinsa na nan tafe a jirgin kaya, kuma ba littattafan alwala da salla kaɗai ke ciki ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, har ina shafa gemu. Da na waiwaya sai na ga wani mutum mai jar dara a ƙarshen benci, wanda ban san shi sosai ba, ya daina duba littafin da ke hannunsa. Ya ce, "Malam Garba, ɗazu wane gari ka ce yaron ya tafi?" Na riga na faɗi sunan garin tun farkon hira, ba halin in janye. Ya ajiye littafin, ya yi sallama. Yana ɓacewa Tanko tela ya matso kusa da ni ya ce, "Ka kuwa san wannan? Ƙaninsa babba ne a cikin 'yan dokan garin can. Shi kuwa mai darar kullum yana kan hanya tsakanin nan da can."

Nan take na miƙe. Na bar kanti a buɗe na hau keke na nufi tasha, in ce a sauke mini akwatin. Akawun kaya ya ce an riga an loda shi, jirgin ya tashi tun da safe. Ya ce in kwantar da hankalina, jirgin kaya ba ya sauri, sai ya daɗe a Zariya kafin a haɗa shi da wani. Wannan ne kaɗai abin da nake riƙe da shi yanzu, cewa takardar nan za ta riga akwatin isa. Ko za ta riga mai jar dara, Allah ne masani.

Saƙon gaggawar ke nan, kuma zan gaya maka abin da nake ganin ya kamata ka yi. Amma ka yi haƙuri ka karanta duka, kada ka tsallake zuwa ƙarshe yadda kake yi wa littattafan labari. Tun jiya nake ta juya abu guda a raina: wannan ba shi ne karo na farko da bakina ya ja wa wani ba, kuma kai ka gaje shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun kana ƙarami in ka buɗe baki benci ke kwashewa da dariya, ni kuwa in zauna ina jin daɗi, ina cewa ɗana ne. Ban taɓa zaunar da kai na gaya maka abin da irin wannan bakin ya yi wa mutane a hannuna ba. Kunya ta hana ni. Yau tsoro ya fi kunyar ƙarfi.

Ba za ka tuna Saje Audu sosai ba. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama ya dawo, aka ba shi shugabancin masinjoji a wani ofishin gwamnati. Dogon mutum, kakinsa kullum a goge, in ya taho kan kekensa yara har sara masa suke yi. Lokacin da aka fara kawo ƙananan littattafan nan na yaƙi da jahilci, sai ya riƙa zuwa kanti bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa daga benci. Ya ce in ba shi littafi na ɗaya, na jikansa ne. Bayan wani lokaci ya dawo ya karɓi na biyu. Wani lokaci ya buɗe shafi ya nuna mini wata kalma da yatsa, ya ce, "Yaron nan ya ce in tambaye ka, wannan yaya ake faɗinta?" Ni kuwa na san Saje ba shi da jika a Kaduna. Na kuma san dalili. An fara maganar cewa masinja sai wanda zai iya karanta sunan da ke bayan ambulan, shi kuwa duk shekarun nan da launin tambari da siffar rubutu yake gane takardu.

Da na rufe bakina, da yanzu Saje yana karanta jarida. Wata rana sai aka yi rashin sa'a ya zo da yamma, benci cike da mutane, har da masinjoji biyu da ke ƙarƙashinsa. Ya tsaya yana jira a watse. Ni kuwa abin ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi a harshe. Na ɗago littafi na uku sama, na ce, "Saje, ga na jikan naka ya iso. Amma ka gaya masa ya riƙa rina gemu kafin ya zo makaranta, furfurar ta yi yawa." Benci ya fashe. Masinjojin nan biyu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Saje ya dube ni, ya gyara hularsa, ya hau kekensa. Bai sake tako ƙofar kantina ba, kuma na ji bai sake taɓa littafi ba. Da aka zo tantance masinjoji, aka sallame shi, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu. Littafin na uku ya daɗe a kan kanta, na kasa sayar wa kowa, har gara ta cinye shi.

To ka ji, Ɗanlami. Wanda ya shigo kantin littattafai ya nuna maka abin da bai sani ba, ko abin da ke damunsa, ko abin da yake so a ɓoye. Mai sayen goro ba ya tona wa kansa asiri, amma mai sayen littafi yana yi. Za ka ga dattijo ya nemi littafin yara. Za ka ga malami ya nemi littafin da ake zaton ya haddace tun tuni. Za ka ga magidanci ya tsaya yana kame-kame, ashe littafin maganin wata cuta yake so. In mutum ya ce na jikansa ne, to na jikansa ne. Ka naɗe masa a takarda yadda ba mai ganin bangon, ka miƙa masa, ka yi masa maganar ruwan sama ko tsadar gero. In ya nuna maka kalma, ka faɗa masa da murya ƙasa-ƙasa, kana kallon littafin, ba fuskarsa ba.

Na biyun ya fi wannan muni, kuma innarka ce kaɗai ta san yadda ya hana ni sukuni. Ka san al'adarmu, ranar da jarida ta iso nakan zauna in karanta wa waɗanda ba su iya ba. Kai ma ka sha karɓata in muryata ta dushe. Mutane suna son karatuna don ina sa masa gishiri, in canza murya, in tsaya in yi sharhi. Wata shekara, lokacin tafiyar maniyyata, jarida ta kawo labarin wata motar alhazai da ta kife a hanyar Sudan, mutane sun rasu. Ba suna ko ɗaya a ciki, ba a ma faɗi daga wane gari suka fito ba. Isa mai gyaran keke, na bakin kasuwa, ya tashi zuwa Makka ta ƙasa ba da daɗewa ba. Ina gama karanta layin ƙarshe, ban ɗaga kai ba, ban sauya murya ba, sai na ɗora da cewa, "Lokacin kuwa ya yi daidai da tafiyar su Isa." Tunani ne kawai ya zo mini, na faɗe shi.

A cikin masu saurare akwai wani ɗan garuwa da ke kai ruwa gidan su Isa. Shi bai san inda takarda ta ƙare bakina ya fara ba. Ina zai sani? Idona na kan jarida, muryata ɗaya. Ya ajiye garewaninsa ya tafi ya ce jarida ta ce motar su Isa ta faɗi. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mahaifiyar Isa, Gwaggo Ladi, tana tsakar gida tana tankaɗe aka gaya mata, ta yanke jiki ta faɗi. Na je da kaina da jaridar a hannu, ina rantsuwa cewa babu sunan kowa a ciki, amma magana zarar bunu ce. Wasu ma cewa suka yi ina ɓoyewa ne don in kwantar musu da hankali. Gwaggo Ladi ta tashi da shanyewar ɓarin jiki. Isa ya dawo lafiyarsa ƙalau, da haƙorin Makka da tsarabar zamzam, ya tarar an binne ta.

An gaya masa yadda aka yi. Na jira ya zo ya zage ni, ko ya kai ni ƙara, bai zo ba. Har yau shi ke gyara mini keke. In na je ya ce, "Sannu da zuwa, Malam," ya karɓa ya liƙe tayar, ya miƙo mini. Da ya mare ni sau ɗaya da na fi samun sauƙi.

Don haka in Alhaji Bawa ya sa ka karanta wa mutane jarida, kuma na san zai sa ka, ka karanta abin da ke rubuce, ka tsaya inda ya tsaya. In kana da abin faɗi naka, ka ninke takardar tukuna, ka ajiye ta a gefe inda kowa zai gani, sannan ka ce, "Wannan kuma ni ne nake faɗi." Waɗanda ke zaune gabanka sun ba ka aron kunnuwansu ne saboda ba su da idon karatu. Duk abin da ya fito daga bakinka kana riƙe da takarda, a wurinsu takarda ce ta faɗa, kuma haka za su kai shi gida. A garin da kake yanzu wannan ya fi haɗari, don in ka ƙara kalma ɗaya a kan labarin siyasa, kafin magariba ta isa kunnen da bai kamata ba, kuma da sunanka za ta isa.

Na ukun shi ne ya fi kama da abin da na yi maka jiya. Ka san Malam Yohanna, gadin jirgin fasinja, wanda zai miƙo maka takardar nan. Ka sha tambayata me ya sa mutumin da aka ce abokina ne tun zuwanmu Kaduna yake bi ta ɗaya gefen titi in zai wuce kantinmu. Nakan ce maka aiki ne ya yi masa yawa. Ba aiki ba ne.

Yohanna yana da ƙane, Bitrus. Shi ya ɗauko shi daga garinsu a kudancin Zariya, ya sa shi makarantar mishan, ya yi ta fama har yaron ya sami aikin akawu mai buga tafireta. Bitrus mayen karatu ne. In an yi albashi kantina yake fara zuwa kafin kasuwa. Yakan sayi littattafan jarrabawa, amma yakan kuma karɓi ƙananan takardun 'yan ƙwadago da na masu neman mulkin kai, ya sa a cikin riga. Ka san doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa. Ni ma na sani sarai.

Babban akawun ofishinsu kuwa mai sayayya ne a wurina, irin wanda in ya zo nake tashi in kakkaɓe masa kujera. Wata rana ya zauna, ya yaba kanti, ya ce, "Malam Garba, ai kai ne kwalejin garin nan. Yaran ofishina duk a wurinka suke sha. Me suke karantawa ne yanzu?" Kaina ya kumbura. Na fara lissafa masa, wane labarin soyayya yake so, wane lissafi ya dame shi. Ya yi dariya, na ƙara. Har na zo kan Bitrus na ce, "Wannan kuwa ku yi hankali da shi, nan gaba shi zai zama minista, irin takardun da yake kwasa." Wallahi da nufin yabo na faɗa. Mutumin ya gyaɗa kai, ya sayi ƙamus, ya tafi.

Ba a jima ba aka binciki teburin Bitrus, aka sami abin da aka samu. Ba su kore shi ba, sai suka tura shi wani ofishi can cikin daji inda mota ba ta zuwa da damina, ga matarsa da tsohon ciki. Ya yi ƙoƙari ya kasa, ya ajiye aikin. Yanzu yana gida yana noman citta. Yohanna ya zo kanti sau ɗaya bayan haka. Bai zauna ba. Ya ce, "Garba, ƙanina a wurinka kaɗai yake sayen takardun nan. Ban tambaye ka komai ba, don kada ka yi mini ƙarya." Ya juya ya tafi.

Jiya da yamma, da na rasa wanda zai riga jirgin kaya isa wurinka, ƙafata ta kai ni gidansa a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi. Gidan waya ban yarda da shi ba a kan irin wannan magana. Na yi sallama, ya fito da singileti, ya gan ni, ya tsaya. Na gaya masa duka a tsaye, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wato har yanzu bakin nan bai mutu ba." Na ce bai mutu ba. Ya ce, "Wancan karon ƙanina, wannan karon ɗanka. Kai dai ba ka zaɓe." Matarsa ta leƙo ta ce a shigo da baƙo mana, ya ce mata baƙon sauri yake yi. Sannan ya ce, "Gobe ka kawo takardar tasha kafin mu tashi. Ɗanlami bai yi mini komai ba. A hannunsa zan sa ta, ba a hannun wani ba." In ya iso ka durƙusa ka gaishe shi da kyau, ka kira shi Baba. Kada ka yi masa maganar Bitrus sai in shi ya fara.

Darasin wannan a fili yake, amma bari in faɗa. Wanda zai tambaye ka abin da wani ke karantawa ba ya zuwa da fuskar mugu. Da yabo yake zuwa, ya sayi abu mai tsada, ya ce kai yaro ne mai basira. Hakimi ne, ɗan doka ne, malamin makaranta ne, uban yaron ne ma, amsarka ɗaya: "Ranka ya daɗe, masu saye da yawa, ba na riƙewa." Za a ce ba ka da wayo. Ka bari a ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni ne dai na girma ban yi aiki da wannan ba.

Yanzu ga maganar akwati. Kana gama karanta wannan, kafin ka sha ruwa, ka sami Alhaji Bawa shi kaɗai ka gaya masa abin da ke ciki da abin da na yi. Na san zai yi maka nauyi, satinka na farko ke nan a wurinsa. Amma kantinsa ne, sunansa ne a jikin akwatin, kuma mutumin nan ya shekara da shekaru yana lallaɓa zamansa da masu garin. Bai kamata ya fara ji daga bakin ɗan doka ba. In ya yi faɗa ka sunkuyar da kai. Ka ce masa laifin kashi biyu ne, kuma babban kashin na ubanka ne. Shi ya san mutanen tasha, ya san wanda zai iya karɓar kayan ba tare da an taru a kansu ba. Kada ka je tasha kai kaɗai. Kada ka buɗe akwatin a bakin kanti don masu wucewa su ga sababbin kaya, ko da yake na san haka na koya maka.

In ka tarar 'yan doka sun riga ku, kada ka gudu, kada kuma ka yi musu wa'azi. Na san ka, za ka so ka faɗi maganar da za a riƙa maimaitawa a gari. Ka haɗiye ta. Kada ka ambaci sunan wanda ya ba ka takardun, ko wanda aka ce ka kai wa. Ka aiko Yohanna ya gaya mini, in rufe kanti in taho, ko me zan sayar in sayar.

Su takardun kuwa, na rasa abin da zan ce maka. Zuciyata tana cewa in umarce ka ka ƙone su. Amma na san ba don wasa ka ɗauke su ba. Na ga yadda idonka ke yi in ana maganar talakan da aka ɗaure a kan haraji, kuma ni na sa maka karatu a hannu, ba zan zo yau in ce ka rufe ido ba. Abin da na sani shi ne ba ka da ikon jefa Alhaji Bawa a cikin abin da bai zaɓa ba. In ya ce ba za su kwana a ƙarƙashin rufinsa ba, maganarsa ce ta ƙarshe. In kuma ƙonawa ta kama, ka tuna da bisimilla aka buɗe kowace waƙa. Kada firgita ta sa ka jefa su a masai ko a juji. Ka ƙone su a wuri mai tsabta, ka binne tokar.

Sauran abubuwan sana'a ka san su. Ka ɗora akwatuna a kan duwatsu saboda gara, ka riƙa zuba toka a gindin bango. Littattafan addini a sama, kada ka ɗora musu komai. Wanda ya tsaya yana karatu bai saya ba, ka ƙyale shi, gobe shi ne mai saye. Waɗannan ko ban faɗa ba za ka yi, don hannunka ya fi nawa kyau a kanti. Ba hannunka nake tsoro ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini wuya. Ranar da za ka tafi, a tasha, na riƙe hannunka na ce ka riƙa rubuto mini komai da komai, su wa ke zuwa kantin, me ake saye, me ake cewa a gari, wa ka yi abota da shi. Na ce kada ka rage mini ko ƙwayar zarra, don ta wasiƙunka zan riƙa ganin garin. Na janye wannan magana. Na yi wa kaina alkawarin kama baki bayan Saje Audu, na sake yi a kan kabarin Gwaggo Ladi, na sake yi bayan Bitrus. Jiya kuma ga abin da na yi wa ɗan cikina, ina shafa gemu. Na kai shekarun da ya kamata in daina yaudarar kaina. In ka rubuto mini abu mai daɗi, sai na faɗa a benci don in yi alfahari da kai. In ka rubuto mai ban tsoro, sai na faɗa don in sami mai taya ni jimami.

Saboda haka ka rubuto mini lafiyarka. Ka ce ka ci, ka sha, ruwan garin ya karɓe ka. Ka sa gaisuwar innarka, ita ce mai jiran a karanta mata. Abin da ya wuce wannan, na abokanka, na masu sayenka, na inda kake zuwa bayan an rufe kanti, ka riƙe abinka. Ko na matsa maka in ka zo hutu, ko na yi fushi na ce ni na haife ka, ka ba ni amsar da na ce ka ba ɗan doka. Ina ƙaunarka fiye da yadda na iya faɗi, kuma ina cikin mutanen da bai kamata ka gaya wa ba.

Allah ya sa takardar nan ta same ka a kan lokaci. Allah ya rufe idon mai nemanka da sharri, ya sanyaya zuciyar Alhaji Bawa a kanka, ya kai ka inda ban kai ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba mai littattafai